Katako Shida da Injin Babanmu

A gidanmu na Luanshya, in gardama ta tashi a kan wa ya riga wa aure, ko wace damina ce iska ta kwashe rufin ɗakin girki, ni ake kira. Ni ce auta, kuma tun ina ƙarama nake raɓewa kusa da manya ina saurare har sai an kore ni. Shi ya sa da yayata Nkole ta ce gara a rubuta labarin teburinmu tun babanmu bai gama sauya shi ba, kowa ya juyo ya dube ni. Gaskiyarta ce. Duk ranar da ya ba da labarin sai wani yanki ya ɓace, kuma kullum yankin da ya yi kuskure ne ke ɓacewa.

Sunansa Lombe Kasonde, amma ba mai kiransa haka sai masu biyan fansho. Bashi Nkole ake ce masa, wato baban Nkole, mamarmu kuwa Bana Nkole. Ƙuruciyarsa duka da rabin tsufansa a ƙarƙashin ƙasa ya yi su, a ramin haƙar tagulla, yana gyaran injinan da ke zuƙe ruwa don kada ramin ya cika ya haɗiye mutane. Ƙaramin cikinsu ya fi ɗakin kwananmu girma. Da ya fito daga ramin nan fitowar ƙarshe, ya fito da kunnen hagu da ya daina aiki, da kuma wasu ra'ayoyi da ko limamin coci bai isa ya raba shi da su ba. Na farko, inji mara nauyi kayan wasan yara ne. Na biyu, in inji bai yi abin da kake so ba, ka ƙara masa matsi ka sake turawa, zai yi.

Yana da wata doguwar sukundireba da ba ya rabuwa da ita. Sai ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa mai lafiya, ya lumshe ido, ya gaya maka ciwon da ke ciki. Ya yi wa firijinmu, ya yi wa keken ɗinkin mama, ya taɓa tsayar da motar fasto a ƙofar coci ya yi mata, jama'a na jira a tafi jana'iza.

Da ya yi ritaya ya kafa rumfar kwano a bayan gida, gindin bishiyar mangwaro, ya ce kafinta zai zama. Kullum da safe sai ya sa hular kwano da takalmin ƙarfe, mama ta miƙa masa kwanon abinci a ɗaure kamar dā, ya yi mana sallama, ya zagaya bayan gida. Ya yi kujeru 'yan tsugunno, ya yi akurkin kaji, ya yi wa coci wani benci da har yau mata ke gudunsa don yana cizon zane. Amma abu ɗaya bai yi ba, shi ne tebur.

Mu dai a kan ganga muka tashi muna cin abinci. Ƙatuwar gangar katako ce irin wadda ake naɗe wayar lantarki a jikinta. A watan farko na aurensu ya gangaro da ita daga bolar kamfani, ya kwantar da ita a tsakiyar falo, ya ce wa amaryarsa, "Na ɗan lokaci ne, kafin in yi miki na gaske." Akwai rami a tsakiyarta, kuma cokulan da ramin nan ya haɗiye sun isa a buɗe shago. Mu biyar aka yaye a gefenta, uku suka yi aure, ɗan lokacin nan bai ƙare ba.

Ba don ba shi da katako ba ne. Kakanmu Makasa, mahaifin babanmu, mai yanka katako ne a dajin Luwingu, irin na dā, wanda ake haƙa rami a gicciya gungume a kai, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna jan dogon zarto, na ƙasan yana shan gari a ido. Da babanmu zai yi aure, tsohon ya yanka masa katako shida na itacen mukwa da hannunsa, ya ɗora masa a motar kaya. Babanmu ya zura su a saman silin, ya ce sai ranar da ya samu natsuwa, don irin wannan katako ba a yi masa gaggawa. Kaka ya rasu, katakon na nan. Zafin kwano ya gasa su shekara da shekaru har suka lanƙwashe kamar ayaba, ga su dama wani gefen ya fi wani kauri, ga sawun zarto kamar kunyar gona.

Abin da ya sauko da su saƙo ne daga dangin mama. Sun ce za su zo su yi wa babanmu matebeto, walimar nan da dangin mace ke haɗa wa miji in aure ya daɗe, su dafo kowane irin abinci su kawo masa har gida don godiya da ya riƙe musu 'ya da kyau. Babanmu ya ji daɗi ƙwarai, har ya aske gemu ba ranar Lahadi ba. Sai yayar mama, Bana Chiti, ta bugo waya. Ita mace ce da in ta yi magana ba a buƙatar a ƙara sautin wayar, kowa a falon ya ji.

"Ku goge mana gangar nan taku da kyau," ta ce. "Kuma ku toshe ramin, kada kazar suruki ta faɗa ciki mu yi ta nema."

Mama ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Babanmu ya tsame hannunsa daga nshima, tuwon masararmu, ya wanke, ya tashi. Washegari tun kafin a sha shayi muka ji shi a cikin silin yana tari.

Ya fara da makankarin hannu. Mukwa da ya bushe haka tauri gare shi, kuma kafaɗar babanmu ta riga ta ba kamfani abin da take da shi. Kafin azahar ya kasa ɗaga kofi. A nan ya yanke shawarar sayen injin kankare katako, ƙaramin nan da ake ɗorawa kan benci, a tura katako ta baki ɗaya ya fito ta ɗaya bakin sumul.

Wanda ya kamata ya zaɓa masa yana nan cikin dangi. Kangwa, mijin Nkole, aikin katako yake koyarwa a sakandare, injinan nan kullum yana cikinsu. Sai dai shi suruki ne, kuma kakarsa ce ta raine shi a ƙauye. Samarin yanzu da yawa sun yar da kunyar surukai, har ka ga suruki ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo da uban matarsa. Kangwa kuwa bai taɓa cin abinci a gaban babanmu ba, bai taɓa duban ƙwayar idonsa ba. In ya zo sai ya durƙusa daga nesa, ya tafa hannu a hankali, duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya ce, "Ee mukwai," wato to, ranka ya daɗe. Babanmu yana alfahari da shi a kan wannan, yana ce wa mutane, "Surukina ko ka ce masa rana ta fito daga yamma ba zai musa ba." Bai san ranar da abin zai juyo kansa ba.

Kangwa ya tuƙa su zuwa Kitwe, Nkole a tsakiya don isar da magana. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji, na kuma sake tambayar Kangwa daban, maganarsu ta zo ɗaya.

A shagon farko wani saurayi mai ɗamammiyar riga ya tarbe su ya shiga zuba bayani. Wannan wuƙa biyu gare shi, wancan uku, wancan kuma ƙananan haƙora ne a jere, in ɗaya ya dakushe sai a juya shi. Wannan yana cin katako mai faɗin kaza, wancan yana da bututun fitar da gari. Babanmu bai ji ko ɗaya ba, don saurayin ta gefen kunnen hagu ya tsaya. Ya kama hannun injin farko ya ɗaga shi sama.

"Ɗana, wannan na katako ne ko na yanka burodi?"

"Baba, ai da gangan aka yi shi haka, don a iya ɗauka a kai ko'ina."

"Ina za ni da shi? Coci?"

Ya ce a kunna. Aka ce an ɗauke wuta. Ya ce ba komai, ya jawo bokitin fenti ya zauna. Da mai shagon ya ga tsohon nan da gaske zai wuni, ya sa aka tayar da janareto. Babanmu ya zaro sukundireba, ya kafa, ya lumshe ido, masu sayayya suka taru suna kallo. Can ya buɗe ido ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa.

"Boris ɗinsa na kuka. Ba zai kai Kirsimeti ba."

"Baba, sabo ne fa, yanzu muka fito da shi daga kwali!"

"To a kwalin ya kamu."

A shago na biyu ya nemi a kwance murfin ya ga ciki, suka ƙi. Ya tambaye su ko su suna sayen kifi ba su buɗe kunnensa sun duba ba, ya fita. A na uku ya ga wanda ya yi masa, sai ya gano ƙafafunsa na roba ne, ya ajiye shi kamar ya taɓa ƙazanta. Rana ta take, Nkole ta ce yunwa ta sa har ta fara ganin injinan bibbiyu, suka wuce Ndola.

A can suka samu shagon wata dattijuwa mai tabarau, wadda ta ce ya kwance duk abin da yake so in dai zai mayar. Iri biyu ne da ita. Kangwa yana ganin ɗaya ya san shi ne: wuƙa uku, ana samun wuƙaƙensa a gari in sun dakushe, ga wani mariƙi da ake ɗaurewa don kada ya ciji bakin katako wajen shiga da fita. Amma ta yaya zai faɗa? Sai ya je ya tsaya kusa da injin, ya sunkuyar da kai, ya yi ɗan tari. Babanmu yana can yana ƙwanƙwasa ɗayan. Kangwa ya sake tari, ya ɗan shafa injin da gefen hannu. Ya yi na uku da ƙarfi har dattijuwar ta leƙo ta saman tabarau.

"Nkole," in ji babanmu, "mijinki mura ke damunsa kina tsaye? Je ki sayo masa alewar tari."

Ta sayo, ya durƙusa ya karɓa, ya sha.

Allah ya taimaka, da babanmu ya zo ɗaga wanda Kangwa ke so, ya ƙi ɗaguwa. Ya sake gwadawa da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta miƙe, injin ya ɗan motsa kawai. Fuskarsa ta washe. Ya sa aka kunna, ya saurara, ya daɗe idonsa a rufe.

"Wannan da ubansa," ya ce. Ya juya ga dattijuwar, ya kira ta uwa da yarenmu. "Tambaya ɗaya, Ba Mayo. Zai ci mukwa?"

"Zai ci."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Tambayar da bai yi ba ita ce ko zai miƙar da lanƙwasasshen katako. Ƙarti biyu suka ɗora injin a bayan mota, wanda a jikin kwalinsa aka zana wani mutum yana ɗauke da shi da hannu ɗaya yana murmushi.

A hanya Kangwa ya yi ta zufa. Wajen shingen 'yan sanda ya karkato ya raɗa wa matarsa magana. Nkole ta juya ga babanmu.

"Ba Tata, wai injin nan ba ya gyara lanƙwasa. Wai kauri kawai yake ragewa. Sai an fara daidaita fuska ɗaya tukuna."

"Yaushe kika zama kafinta?"

"Ba ni na ce ba."

Babanmu ya leƙo ya dubi surukinsa. "Suruki, injin da muka sha wahala muka zaɓa, ai zai yi aikin ko?"

Nkole ta ce ta ga kunnuwan mijinta suna rawa. Ya rage gudu, ya saki sitiyari ya tafa hannu sau biyu.

"Ee mukwai."

Muna sauke injin sai ga kan maƙwabcinmu Ngoma ya ɓullo ta saman shinge. Shi mutumin gabas ne, Bangone, mu kuwa Bemba, tsakaninmu da su wasa ne tun kakanni. Su ce mana masu cin biri, mu ce musu masu cin ɓera, kuma ko a gidan makoki ba a fasawa. Shi da babanmu sun shekara fiye da shekaruna suna maƙwabtaka ba su taɓa gaya wa juna magana ɗaya ta arziki ba, ba su kuma taɓa wuni ba su ga juna ba. Ngoma ya taɓa aiki a kamfanin kujeru kafin a rufe shi. Ya dubi injin, ya dubi katakon da ke jingine.

"Kai mai cin biri, wa ya cuce ka? Wannan ba ya miƙar da katako. Ka sa masa ayaba, ayaba zai ba ka, sai dai ta rame."

"Ji ɗan baƙin ciki. Koma ka duba tarkonka, abincin darenka na tserewa."

"Na rantse maka. Danne shi yake yi a ciki ya aske, in ya fito ya koma yadda yake."

"Kamar yadda ka rantse min ana raba awaki a ofishin fansho?"

Wannan ya faru. Babanmu ya taɓa zuwa har ofishin da igiya a hannu. Tun daga ranar ko Ngoma ya ce masa rigarsa ta kama wuta, sai ya ji zafi zai duba.

Washegari da aka kawo wuta ya tara mu a bakin rumfa, ya yi mana huɗubar kiyaye haɗari kamar yadda ake yi kafin a sauka rami, ya kori kaji, ya danna. Ƙarar da ta tashi ta sa karnukan layinmu duka suka ɗauka. Ya tura katakon farko, gari ya yi tsiri ya rufe shanyar mama da ganyen kabewarta. Sai ga shi ya fito ta ɗaya bakin. Baƙin tsufa da sawun zarto sun tafi, sai wani ja mai ruwan zuma, da zane a ciki kamar ruwa na gudu. Mama ta manta da shanyarta, ta zo ta shafa shi da tafin hannu, ta sake shafawa.

Sai babanmu ya kwantar da shi a kan siminti. Ya taka wannan bakin, wancan ya ɗaga. Ya taka wancan, wannan ya ɗaga.

"Bai ƙoshi ba," ya ce. Ya murɗa mariƙin ya ƙara matsi, ya sake turawa.

Haka aka shiga. In wuta ta zo inji ya yi ta ruri, in ta ɗauke babanmu ya zauna ya kashe ido ɗaya yana hangen tsawon katakon. Kullum ya fi jiya sheƙi, kullum ya fi jiya rama, lanƙwasar kuwa tana nan daram. Garin katako ya kai mana idon sawu, mata suka fara zuwa da buhu suna ɗiba don akurkin kaji. Katakon da ya fi yatsu biyu kauri ya koma kamar kwali, in ka ɗaga shi yana rawa.

"Ci gaba, kada ka gaji," in ji Ngoma daga shinge. "Gobe sai mu naɗe taba da shi."

Babanmu ya ce laifin wutar ce, ba ta zuwa da ƙarfinta. Ya jingine na farkon, ya jawo na biyu.

A ranar na ga ran mama ya ɓaci. Muna ɗakin girki tana daka gyaɗa, inji na ihu a waje, sai ta tsaya da taɓarya a hannu.

"Ba bakin yayata nake ji ba," ta ce. "Ita ko teburin zinariya ta gani sai ta ce ya cika ƙyalli. Tsohon nan ne, surukina. Ranar da ya ɗora katakon a mota ya kira ni gefe ya ce, 'yata, a kansu za ki ci abinci. Ga shi kaji ne ke kwana a kansu."

Ta gwada yi masa magana da kanta, ya ce ta bar masu aiki su yi aiki. Na biyun ya riga ya kai rabi. Da yamma ta kira Nkole a waya, ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Ki gaya wa mijinki, ladabin da zai cinye min katako ba na so. Ya san yadda zai yi."

Nkole ta ce Kangwa ya kasa cin abinci. Ran Lahadi bayan coci sai ga su, shi ne ke ɗauke da jaririnsu, wanda a lokacin ko zama bai iya ba. Sunan kakanmu aka sa wa yaron, Makasa. A wurinmu in suna ya dawo, mai sunan ne ya dawo. Babanmu bai taɓa kiran yaron nan da komai ba sai Tata, wato baba, kuma in an kawo shi sai ya cire hula ya gaishe shi, ya tambaye shi ya gajiyar hanya.

Kangwa ya durƙusa ya yi gaisuwa. Sannan ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna a bakin rumfar, ya juya wa babanmu baya, ya ɗora yaron a gwiwa yana fuskantarsa. Babanmu na shirin danna inji sai ya ji surukinsa ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba a gidanmu.

"Ba Makasa, sannunku da zuwa. Kun ga katakonku ko? Ku kuka yanka su, ku kuka san halinsu. Ni yaro ne, tambaya nake. Wai da gaske ne in katako ya lanƙwashe, injin nan danne shi kawai yake yi, in ya fito ya koma?"

Jaririn ya kama yatsan ubansa ya kai baki.

"Af, ashe haka ne. To mene ne dabara, Ba Makasa?" Ya kai kunnensa bakin yaron. "A samo wani katako miƙaƙƙe sosai a shimfiɗa a ƙasa? A ɗora lanƙwasasshen a kai? To, to. Duk inda ya ɗaga a cusa masa 'yan ɓaraguzai a ƙarƙashi a manne, don kada inji ya samu inda zai danna. A tura su tare. In saman ya daidaita, sai a sauke a juya. Kai, Ba Makasa, Allah ya ƙara girma."

Babanmu ya daɗe tsaye da yatsa a kan makunni. A hankali ya zagayo ya juyo da kunnensa mai lafiya, ya cire hular kwano. Bai dubi Kangwa ba, yaron ya duba.

"Tata, to in ɓaraguzan suka zame a ciki fa?"

Kangwa ya sake kai kunne. "Wai a ɗiga musu gam, a kuma kafa ɗan katako a baki ya tokare."

"Tata, me ya sa ba ku faɗa tun wuri ba?"

Kangwa ya dubi yaron. Yaron ya yi gyatsa, madara ta gangaro masa a haɓa.

"Ya isa, na ji," in ji babanmu. "Laifina ne, ban tambaya ba."

Ngoma, wanda duk abin nan yana rataye a shinge, ya kusa faɗowa cikin gidanmu.

"Jama'a ku zo ku gani! Bakina ya bushe ina faɗar wannan magana, ba a ji ba, sai da mai zanen fitsari ya faɗa!"

"Kai ɓera ya cinye maka ƙwaƙwalwa. Ubana na magana kana sa baki?"

Saura miƙaƙƙen katako. Aka duba rumfa, babu. Babanmu ya shiga ɗaki da sukundirebarsa, jim kaɗan ya fito da ƙyauren durowar kayan mama, dogon siririn nan mai madubi a ciki, ya riga ya cire madubin. Mama ta buɗe baki, ta dubi katako huɗun da suka rage, ta rufe. Siririn katakon farko shi aka kakkarya aka yi ɓaraguzan da shi. Kangwa ya koma ɗaya bakin injin yana tarbar katako, kansa a sunkuye, yaron a goye a bayansa da zanen Nkole, an toshe masa kunne da auduga. In akwai gyara sai ka ji, "Ba Makasa sun ce a rage matsi," babanmu ya ce, "To, Tata."

Da aka kwantar da na ukun a siminti, babanmu ya taka wannan bakin, ya taka wancan, ya hau tsakiya ya yi tsalle da takalmin ƙarfe. Bai motsa ba.

Huɗu suka tsira, su ma sai da aka rage musu faɗi don gefunansu sun tsattsage. Na biyun da ya rame aka tsaga shi aka yi ɗamarar ƙarƙashi, ƙafafu kuwa aka sayo wani katakon. Tebur ya fito dogo, siriri, mai sheƙi har kana ganin fuskarka. Gangar aka mirgina ta waje, yaran layi suka tafi da ita.

Ranar matebeto tun daga kan kwana muka jiyo ganguna. Mata a jere, kowace da tukunya a ka an naɗe da atamfa, suna waƙa suna rausaya, Bana Chiti a gaba da ƙaton kwanon nshima. Ta durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ake yi, ta shigo da gwiwa, ta ɗago kai, ta yi karo da tebur. Waƙar ta tsaya mata a wuya.

"Wannan tebur ne ko gada?" Ta miƙe. "Ku fitar da shi a shimfiɗa tabarmi. Abincin suruki a ƙasa ake jerawa, haka muka gada."

Maganarta gaskiya ce, kowa ya sani, ba kuma wanda ya tuna sai a lokacin. Na dubi babanmu a cikin kwat ɗinsa, sai na ga ya ƙanƙance. Samari biyu suka kama bakin teburin. Mama ta taso daga inda aka zaunar da ita, ta jawo kujera, ta zauna, ta ɗora gwiwar hannunta biyu a kai.

"Yaya, tun ina amarya kike tambayata ina teburina. Ga shi. In za a fitar, a haɗa da ni."

Bana Chiti ta dubi ƙanwarta, ta dubi teburin. Ta matso ta bangaje shi da ƙugu, bai girgiza ba. Ta danna kusurwa da hannu biyu, ta sunkuya ta leƙa ƙasansa, ta shafa saman tana neman inda zai soke ta.

"Siriri ne dai," ta ce.

"Mijina ma siriri ne, ban mayar da shi ba."

Matan suka kwashe da guɗa. Aka jera tukwane a layi ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, don biyu ba sa shiga gefe da gefe: kaza, busasshen kifi, ganyen rogo da gyaɗa, wake, naman kaza, har da tsutsar itace da aka soya. Maimakon a riƙa miƙo masa yana zaune, sai babanmu ya tashi ya bi layin a tsaye da faranti, Bana Chiti na buɗe masa kowace tukunya tana faɗa masa sunanta kamar bai taɓa cin abinci ba. Ngoma ya shigo ba gayyata, ya leƙa kowace tukunya, ya ce bai ga birin ba, ko an cinye a hanya ne.

Kangwa yana can bayan ƙofar ɗakin girki inda ya saba ɓuya, da yaron a cinya. Da aka zo kan kaza, aka tsamo ƙundun aka sa wa babanmu a faranti, don shi ne mai walima. Ya dube shi, ya juye a ƙaramin kwano, ya yafito ni.

"Kai wa Tata."

"Ba Tata, ai ba shi da haƙori."

"Na sani," ya ce, yana gutsuro nshima. "Wanda ke riƙe da shi yana da su."